Man girki a kasuwar Nima: na tukunyar kullum da na jefi-jefi

Duk wanda ya ratsa layin masu mai a kasuwar Nima ranar Laraba zai tarar da kaya kusan iri ɗaya a kowane tebur: jarkokin Frytol da ire-irensa a jere, manja a kwalaben Voltic, man gyaɗa, curin man kaɗanya a roba ko a ƙwarya, sai 'yan kwalaben man kwakwa da ake talla da sunan magani. Mai tebur za ta ce, "Hajiya, na jarka ko na kwalba?" Yawanci kuɗin da ke hannu ne ke ba da amsa. Wannan bita ta duba kayan teburin ta wata fuskar: yadda kowane mai yake yi a kan wuta, da abin da yake bari a jijiyar jini.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, man gyaɗa mai kyau ya fi cancanta da tukunyar kullum. Manja a shiga da shi da cokali. Man jarka a bar wa suya mai zurfi. Man kwakwa kuwa tsadarsa ta fi amfaninsa. Sai dai ko wanne aka ɗauka, yawan da ake zubawa da yawan maimaita shi a kasko sun fi sunan man tasiri a jiki.

Ga ma'aunin da muka auna su da shi. Kowane mai, daga na zaitun har kitsen rago, giram ɗaya kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Babban cokali ɗaya, mililita 15, yana ɗaukar kusan giram 14, kalori 120 ke nan. Ta wannan fannin babu wanda ya fi wani sauƙi. Inda suka rabu shi ne irin kitsen da ke ciki. Akwai kitse mai daskarewa, wanda ke yin kauri in ya huce, shi ne ke ɗaga kolestarol ɗin LDL mai taruwa a bangon jijiya. Akwai marar daskarewa, wanda in ya maye gurbin na farkon yake saukar da LDL. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2023, ta ce ga babba kitse gaba ɗaya kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kalorin yini, mai daskarewa kada ya wuce kashi 10, kitsen tarans, wanda ke ɓoye a wasu nau'in majarin masu tauri, kuma kashi 1. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, hakan ya kama giram 67, da giram 22, da giram 2. Giram 22 ɗin nan shi za mu riƙa komawa gare shi.

Frytol da sauran man jarka

Mutane da yawa suna kiransa "man gyaɗa" saboda launinsa, alhali babu gyaɗa a ciki. Frytol na yau da kullum, wanda kamfanin Wilmar ke yi a Tema, daga kwakwar manja ake samunsa. Ana tace manjan a cire launi da wari, a sanyaya shi, a raba ɓangaren da ya daskare da wanda ya tsaya ruwa. Na ruwan shi ake ɗurawa a jarka. Yawancin man jarka masu araha haka suke, ko da sunan ya bambanta.

Abin yabonsa a fili yake. Yana jure zafi ƙwarai, ba ya saurin lalacewa a kasko, ba shi da warin da zai danne ɗanɗanon abinci, kuma an ƙara masa bitamin A kamar yadda dokar Gana ta wajabta ga man girki da aka tace. Mai soya ƙosai, ko doya, ko pinkaso, ko kaza, da wuya ta sami wanda ya fi shi biyan bukata a kan farashinsa. Jarka a rufe, da lambar hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Gana da ranar ƙarewar wa'adi, ta fi kowace kwalba marar suna tabbas.

Inda muke rage masa maki shi ne kusan kashi 45 cikin ɗari nasa kitse ne mai daskarewa, giram 6 a kowane cokali. Cokali uku a shinkafar mai ko a jalof, giram 18 sun tafi daga cikin 22, tun ba a lissafa nama da madarar shayi ba. Rubutun "cholesterol free" da ake gani a jikin jarkokin mai gaskiya ne, amma ba ya raba gardama, domin duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har da man kwakwa. Hanta ce ke yin mafi yawan kolestarol ɗin da ke jini, kuma kitse mai daskarewa ne ke sa ta rage kwashe LDL daga jinin. Wurin dubawa shi ne layin "saturated fat" a bayan jarkar.

In ya yi gajimare ko ya yi gudaji a firij ko da asubar hunturu, ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne. Abin da ya kamata a guje wa shi ne wanda aka tsiyayo daga babbar jarkar nan mai ruwan ɗorawa, galan Kufuor, aka ƙulla a leda ko aka zuba a farar kwalba ya wuni a rana. Haske yana cinye bitamin A, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin daga wace jarka ya fito ko me aka haɗa masa. Araha ba ta ado.

Manja

A nan ne ake yawan zuwa iyaka biyu. Wasu sun ɗauke shi guba, wasu kuma suna ganin tunda na gargajiya ne babu awo. Rabin manja kitse ne mai daskarewa, kusan giram 7 a cokali, yawancinsa irin wanda ke ɗaga LDL. Kusan kashi 40 kuma irin kitsen da ke cikin zaitun ne, sauran kashi 10 marar daskarewa ne na wani nau'in. Abin da yake da shi wanda man jarka ya rasa wajen tacewa shi ne karotin, miligiram 500 zuwa 700 a kilo, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, da wani nau'in bitamin E. Jan launin nan karotin ɗin ne. Ga yara da masu shayarwa, ƙaramin cokalin manja a faten wake ko a miyar ganyen gwaza abu ne mai amfani sosai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙona shi. Ana ɗora manja a wuta har ya yi hayaƙi, janshi ya koma fari-fari, wai don a kashe warinsa. A lokacin karotin ya tafi, kitsen mai daskarewa yana nan daram, ga hayaƙin da ke sa tari da hawaye wanda alamar rushewar man ne. An biya kuɗin manja an ci abin da bai kai man jarka ba. Yadda ya dace: wuta kaɗan, da ya narke a jefa albasa, a bar ta ta yi laushi minti uku zuwa huɗu, ita za ta ɗauke ɗanyen warin. In girkin farin mai yake so, a ɗauki farin mai tun farko.

Wajen saye, hanci da harshe sun fi ido aiki. A ɗiga a bayan hannu a shinshina, a ɗan lasa. Manja mai kyau ba ya tsami, ba ya kartar maƙogwaro. Wanda ke karta, an bar kwakwar ta kwana da yawa a tare kafin a dafa, man ya fara rushewa tun yana cikin 'ya'yan. A ɗaga kwalbar a duba gindinta: ruwa ko baƙin laka alamar ba a dafe shi ya tsane ba, kuma irin wannan ba ya ajiyuwa. Rabuwa biyu, ja mai ruwa a sama da mai kauri a ƙasa, ba aibi ba ne. Zomi, manjan mutanen Volta, wanda ake dafawa da ɗan gishiri har ya yi ƙamshi, ya fi daɗi a gari da wake, amma lissafin kitsensa ɗaya ne da na sauran.

Sai maganar rini. A 2015 hukumar FDA ta ɗebi samfurin manja daga manyan kasuwannin Akra, ta tarar da rinin Sudan IV a kusan dukkansu. Rini ne na masana'antu, na roba da kakin goge takalmi, an haramta shi a abinci saboda zargin jawo sankara. Dalilin zuba shi kuwa mu ne masu saye, da muke bin wanda ya fi ja. Manja na asali ja ne mai sirkin ruwan lemo. Ja wur da ya wuce misali abin tuhuma ne, amma ido kaɗai ba ya tabbatarwa, sai ɗakin gwaji. Kariyar da ke hannun uwargida ita ce sayen na kwalba mai lambar rajista, ko tsayawa ga mai sayarwa ɗaya da ta san matsar da take saro kayanta, a Kade ne ko wajen Juaben.

Man gyaɗa

Shi ne gwarzon teburin, kuma shi ya fi bukatar a san abin da ake saye. Kitsensa mai daskarewa bai kai kashi 20 ba, giram 2 da 'yan kai a cokali. Kusan rabinsa irin kitsen zaitun ne, kusan kashi 30 kuma omega-6, wani nau'in marar daskarewa. Wato cokali uku nasa ne suke daidai da cokali ɗaya na manja a yawan kitse mai daskarewa. Wanda ke tura kuɗi mai yawa wajen man zaitun na kanti don miyar kullum, da ya sayi man gyaɗa na gaske da ya sami mafi yawan abin da yake nema a rahusa, kuma ɗanɗanonsa ya fi shiga da miyar ayoyo, da kuɓewa, da tubani.

Iri biyu ne a kasuwa. Na gida shi ne wanda mata ke matsa: a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a niƙa, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, a matse tunkuzar a yi ƙuli-ƙuli. Yana da ƙamshi, amma yana fara hayaƙi tun wajen digiri 160, don haka na miya ne da suya sama-sama. Na kamfani da aka tace ba shi da ƙamshi sosai, amma yana kai wajen digiri 230 kafin ya yi hayaƙi.

Matsalolin na gida uku ne, kuma duk daga wurin yi suke farawa. Ana soya ƙuli-ƙulin a cikin man da aka matsa, sannan a haɗa a sayar. Irin wannan ya riga ya sha wuta sau ɗaya kafin ya iso kicin, ana gane shi da duhun launi da ɗan warin ƙuna. A tambayi mai sayarwa kai tsaye, "Mama, na farkon matsa ne ko wanda aka soya ƙuli a ciki?" Yawancinsu suna da duka biyun kuma za su faɗa. Na biyu, ruwan da ya rage a ciki: in an ɗora shi ya yi ta fantsama, kuma cikin 'yan makonni ya soma warin tsufa. Maganinsa a ɗumama shi a wuta kaɗan har ƙarar ta tsaya, a bari ya huce, a tace da tsumma mai tsabta a zuba a busasshiyar kwalba. Na uku shi ne gubar afulatoksin da ke fitowa daga gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya, wadda ke illata hanta. Tacewar kamfani tana cire ta. A na gida mafi yawanta tana zama a tunkuza, amma man da bai tsane ba yana iya ɗaukar wani abu. Saboda haka man da ya yi garau ya fi wanda ya yi duhu-duhu da gari a gindi, kuma wannan gargaɗin ya fi shafar ƙuli-ƙuli da niƙaƙƙiyar gyaɗar miya fiye da man.

Ana kuma sirka shi da man jarka don a ƙara riba. Gwajin firij da ake yaɗawa ba ya raba gardama, domin man gyaɗa tsantsa shi ma yana yin gajimare da kauri a sanyi. Ƙamshi ya fi: a murza ɗigo a tafin hannu har ya yi ɗumi. Na gaske ƙamshin soyayyar gyaɗa yake tashi da ƙarfi kuma ya daɗe, wanda aka sirka kuwa sama-sama ne.

Man waken suya da na sunfulawa da ake samu a kantuna su ma suna saukar da LDL in sun maye gurbin manja, kuma na waken suya yana da ɗan omega-3 na tsiro, kusan kashi 7. Rauninsu kasko ne. Suna saurin rushewa in ana maimaita su a zafi, don haka a miya suke da kyau, ba wurin mai ƙosai ba.

Man kaɗanya ya fi yadda ake zato. Daskararre ne, amma mafi yawan kitsensa mai daskarewa nau'in sitiyarik ne, wanda ba ya ɗaga LDL yadda na manja ke yi, sauran kusan rabi kuma irin na zaitun ne. Mutanen Tamale da Wa da Bolga sun daɗe suna girki da shi. A sayi fari na ci, marar warin hayaƙi mai yawa, a tabbata ba wanda aka haɗa da turare don shafawa ba ne. Albasa a cikinsa yayin da ya narke tana rage warin.

Man kwakwa ne muka fi yi wa tsanani, saboda an fi yi masa ƙarya. Sama da kashi 80 nasa kitse ne mai daskarewa, giram 11 zuwa 12 a cokali, rabin kason yini a zuba ɗaya. Ya zarce man shanu, ya zarce kitsen naman saniya. Yana ɗaga HDL, kolestarol ɗin da ake kira mai kyau, gaskiya ne, amma yana ɗaga LDL tare da shi, kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a dogara da shi. Don ƙamshi a shinkafa sau ɗaya a wani lokaci babu laifi. Shan cokali da safe da sunan rage ƙiba ko wanke jijiya kuwa kalori 120 ne kawai aka ƙara. Alayyadi, man ƙwallon kwakwar manja, ajinsu ɗaya. Man shanu kitsensa mai daskarewa giram 7 ne a babban cokali, wanda aka soya ya fi haka. Ƙaramin cokali a kan tuwon zafi ya isa ya ba da ƙamshin da ake so.

Kitsen tarans ba a ganinsa a teburin mai. Yana ɓoye ne a wasu nau'in majarin masu tauri da gidajen burodi ke saye a bokiti, da abin da ake yi da su: biskit, kek, fanke mai nama. Shi ya fi kowane kitse illa, yana ɗaga LDL yana kuma saukar da HDL. In an ga "partially hydrogenated" a jerin kayan haɗi, a mayar da shi kan kanta.

Abin da babu shi a kowace kwalba

Duk man da muka lissafa, babu wanda ke ba da omega-3 irin na kifi, wanda zuciya da ƙwaƙwalwar jariri ke bukata. Wannan sai a layin masu kifi, kuma a nan mutanen Akra sun yi sa'a. Amane, da kifin da 'yan kasuwa ke kira saman, da ƙananan kifin nan na Keta, da sadin na gwangwani, duk masu mai ne. Giram 100 na saman yana ba da giram ɗaya zuwa biyu na omega-3. Cin irin waɗannan sau biyu a mako, yanka kamar faɗin tafin hannu, ya wadatar da yawancin mutane, kuma ya fi ƙwayoyin man kifi na kemis araha nesa ba kusa ba, musamman daga Agusta zuwa Satumba da amane ke cika kasuwa. Karfasa tana da kyau wajen gina jiki, amma omega-3 ɗinta kaɗan ne. A miya, ko gashi, ko banda ya fi. In aka tsoma shi a mai ya soyu ƙayau, wani ɓangare na man kifin ya fita kasko, man kaskon ya shige shi. Mai hawan jini ya yi hattara da kifin gishiri irin koobi da momoni, gishirinsu ya fi amfaninsu yawa. Agushi, riɗi, gyaɗa da piya su ma kitse ne mai kyau, amma a lissafa su cikin kason yini: ranar miyar gyaɗa babu dalilin ƙara wani mai a tukunya, a ma kwashe wanda ya taso.

Kasko

Mai mai kyau yana zama marar kyau a kasko. Duk sanda ya yi zafi, iska da ruwan abinci da gutsattsarin da ke ƙonewa suna rusa shi. Ƙasashe da dama sun sa doka a zubar da man suya in rusassun sinadaran cikinsa sun kai wajen kashi 25, ana aunawa da na'ura. A gida ko a bakin titi babu na'ura, amma alamomin ba sa ɓuya: launi ya yi duhu, mai ya yi yauƙi yana bin ludayi, kumfa ta rufe sama ba ta washewa, hayaƙi ya fara tun kafin a sa komai, ƙosai ya yi baƙi a waje cikinsa ɗanye. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, man ya gama aiki.

Zafin da ya dace digiri 170 zuwa 180 ne. A jefa ɗan ƙullu: in ya nutse ya taso nan take da ƙananan kumfa, ya yi. In ya kwanta a ƙasa, man bai yi zafi ba, abinci zai sha shi ya yi nauyi. In ya yi ja nan da nan, wuta ta yi yawa. Kada a cika kaskon, domin kowane zubi yana sauke zafin. A tsane doya da kifi kafin a sa, gishiri kuma bayan an kwashe. In an gama a bar man ya huce, a tace, a rufe, a ajiye inda babu haske. Sau biyu zuwa uku ya isa, na kifi kuma a ware shi daban. Dabarar ƙara sabo a kan tsoho kullum ba tare da an taɓa juye kaskon ba, ba ta sabunta komai, tsohon ne ke saurin lalata sabon. Abin da ya fi muni shi ne a kwashe baƙin man suya a yi shito ko miya da shi don kada a yi asara. Mai sayen ƙosai ko wagashi a waje ya leƙa kaskon kafin ya miƙa kuɗi.

Nawa za a zuba

Daga giram 67 na yini, nama, kifi, ƙwai, madara da gyaɗa suna cinye fiye da rabi. Abin da ya rage wa man girki kusan cokali biyu ne ga babba ɗaya, mililita 30. Gida mai mutum shida, mililita 180 a rana, lita biyar da 'yan kai a wata. In jarkar lita biyar tana ƙarewa a mako biyu, ana cin ninki biyu. Gwangwanin madarar Ideal da ake awo da shi yana ɗaukar kusan cokali goma, kason mutum biyar na yini guda, kuma akwai gidajen da ke juye biyu a miya ɗaya.

Dalilin yawan man a miyar tumatir sananne ne: ana so a soye tsamin, ana kuma so miyar ta kwana. Ga hanyar da ke ba da sakamako iri ɗaya da cokali huɗu zuwa biyar ga mutum shida. A zuba niƙaƙƙen tumatir da attarugu a tukunya babu mai, a buɗe, a bar shi ya tafasa minti 20 zuwa 30 har ruwan ya ƙone ya yi kauri. A wata tukunyar a soya albasa a man da aka auna, a juye tumatir ɗin, a juya minti goma a wuta matsakaiciya. Ɗanyen tsamin ya riga ya ragu, mai kaɗan zai taso. In ya fara kamawa, romon nama za a ɗiga, ba ƙarin mai ba. Maganar kwana kuma aikin firij ne ko tafasawa. Shito dole sai da mai a samansa don ya ajiyu, amma wajen ɗiba a nutsa cokalin ƙasa a tsiyaye man ya koma kwalba. Wurin mai wake da shinkafa ma ana iya cewa, "Hajiya, a ɗebo min ta ƙasa, ban da man sama." Lokacin Layya, romon da ya kwana a firij kitsensa yana daskarewa a sama, a yaye shi da cokali kafin a ɗumama.

Ga yadda za mu raba lita biyar ɗin: uku na man gyaɗa, ɗaya na manja, ɗaya na man jarka don suya. Haɗin ya kama kusan kashi 30 na kitse mai daskarewa, maimakon 45 zuwa 50 in manja da man jarka ne kaɗai. A cokali biyun yini, giram 8 ke nan maimakon 13. Man gyaɗa ya fi tsada a lita, babu musu, amma gidan da ya sauko daga lita takwas zuwa biyar ya rage mafi yawan bambancin.

Wannan awon na babba ne mai aikin zama. Mai dako a Agbogbloshie ko birkila yana ƙona kalori fiye da haka, kasonsa ya fi. Yaro ƙasa da shekara biyu ba a rage masa kitse, kokonsa ma ya fi kyau da ƙaramin cokalin niƙaƙƙiyar gyaɗa mai tsabta. Wanda kuma ya rage mai ya cike gurbin da farar shinkafa, burodi da sukari bai ci ribar komai ba. Wake, ganye da gero ne ya kamata su cike.

Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda a gidansu aka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ya nemi gwajin kitsen jini a asibiti kafin ya sauya man gidansa, ya sake bayan wata uku don ya ga ko sauyin ya yi aiki. Ga mai lafiya, ana so jimlar kolestarol ta tsaya ƙasa da 5, LDL ƙasa da 3 a ma'aunin milimol. Masu waɗancan cututtukan likita zai sa musu ƙasa da haka, kuma sauya mai ba ya maye gurbin maganin da aka rubuta.

Man gyaɗa na gida a saye shi daidai na wata ɗaya zuwa biyu, ba fiye ba. A zuba na mako a ƙaramar kwalba kusa da hannu, sauran a rufe a kabad nesa da murhu, domin zafi da haske da iska su ne ke sa shi wari. Kwalbar da za a ɗura a ciki ta bushe sarai, kuma kada a zuba sabon mai a kan ragowar tsoho.